Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Lalata Mini Faifan Ajiya

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, shugabannin kamfani.

Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan bainar jama'a ne saboda duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a asirce kun rufe ta. Jiya Litinin na kira layinku sau bakwai, daga hantsi har la'asar. Wayar tana shiga, ba mai ɗagawa.

Ni mazaunin Birnin Kebbi ne. Ina da 'yar manhaja da ƙungiyoyin manoman shinkafa suke aiki da ita a Argungu, Suru da Jega. A cikinta ake rubuta wanda ya karɓi taki da iri bashi, buhu nawa ya ɗauka, da shansherar da zai biya bayan girbi. Tun 2023 nake hayar sabar a wajenku, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta ta intanet. Faifan da ya zo da ita gigabait 25 ne kacal, don haka na ƙara hayar faifan ajiya na daban mai gigabait 100, na jona shi, na ɗora rumbun bayanan PostgreSQL a kansa. Abin da kuka tallata shi ya ja ni: faifan yana zaman kansa, ko sabar ta mutu sai a cire shi a jona wa wata. Ina biyan kuɗinsa duk wata, ina kuma biyan na hoton faifan, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, da ake ɗauka duk daren Lahadi. Ban taɓa makara ba, har lokacin da Naira ta faɗi kuka yi ta ƙara farashi.

Ranar Juma'a 14 ga Maris 2025, muna cikin azumi, na ga faifan ya kusa cika. Da aka sauko daga masallaci na shiga shafin asusuna na nemi a mayar da shi gigabait 200. Aikin ba baƙo ba ne a wurina. Ku ƙara girman daga ɓangarenku, ni in faɗaɗa tsarin fayil daga ciki da manhajar resize2fs, shi ke nan. Sai abin ya maƙale, awa biyar yana nuna ana kan aiki. Na buɗe tikitin ƙorafi. Wajen ƙarfe tara na dare wani ma'aikacinku, ba sallama ba tambaya, ya fizge faifan daga jikin sabar alhali rumbun bayanai yana tsaka da rubutu. Ko ɗan koyo ya san sai an tsayar da rumbun, an sauke faifan, sannan a cire shi.

Bayan asham na tayar da janareta na zauna a kan fsck, manhajar duba faifai da gyara shi, har sahur. Abin da na samu tarin fayiloli ne a lost+found, inda fsck ke zuba guntayen da ya tsinto, ba suna, sai lambobi. Na ce ba komai, ai akwai hoton 9 ga Maris. Sau uku na gwada dawo da shi, sau uku yana ƙi. Daga nan sai "ana bincike", mako ya bi mako, har aka yi sallah.

Ranar Alhamis 3 ga Afrilu, ƙarfe 4:17 na yamma, aka ɗaga wayata. Minti goma sha ɗaya muka yi. Saurayin da ya ɗaga ya fara tambayata ko wuta aka ɗauke mana a Kebbi. Na ce masa sabar tana ɗakinku, ba a shagona take ba. Sai ya ce, da Turanci, yana jan kalmomin kamar mai yi wa yaro karatu: "Malam, mu faifai muke ba da haya, abin da ke cikinsa matsalarka ce. In ba ka iya Linux ba, ka nemi wanda ya iya." Linux ɗin ita ce babbar manhajar da sabar ke aiki da ita. Kafin in ajiye wayar an rufe tikitin, an rubuta wai an warware. Wallahi wannan magana ta fi asarar ci mini rai.

Sannan ga takardar kuɗin Afrilu: ₦86,400, ni da na saba biyan dubu arba'in da 'yan kai. Kun caje ni kuɗin faifan da kuka lalata, da na hoton da ba ya buɗuwa, da na wani faifan gigabait 200 da ma'aikacinku ya ƙirƙira don gwaji ya manta da shi a asusuna. Na sani sarai ana biyan faifai ko yana jone ko ba ya jone, na kuma san ana ƙara girmansa amma ba a rage shi. To wa ya ƙirƙiro shi, ni ko ku?

Girbin shinkafar rani ya ƙarato. Shekaranjiya wani dattijo ya zo daga Suru da takardar rasiti a naɗe cikin leda, yana cewa buhu huɗu na yuriya ya karɓa, sakataren ƙungiya yana cewa shida. Duka suka juyo suna kallona. Kwafin da nake da shi a kwamfutata na ƙarshen Janairu ne, rabon takin kuwa a Fabrairu aka yi. Dattijon sa'an mahaifina ne, na rasa abin da zan ce masa.

Ina neman ku ba ni rajistar aikin daren 14 ga Maris, wadda ke nuna wanda ya cire faifan da lokacin. Ku dawo mini da hoton 9 ga Maris, ko ku rubuta ƙarara cewa ya lalace a hannunku, in samu abin nuna wa ƙungiyoyin nan. Ku soke takardar Afrilu, ku mayar mini da duk abin da na biya na hotuna tun 2023, tunda yanzu ina shakkar ko akwai guda ɗaya mai buɗuwa a cikinsu.

Kuma ba na zaton ni kaɗai ne. Masu ƙananan sana'o'i nawa ne suke biyanku kuɗin hoton faifai duk wata, suna barci da kwanciyar hankali, ku kuwa ba ku taɓa gwada dawo da ko ɗaya ba? Kuna karɓar kuɗinmu a kan lokaci, in matsala ta zo sai ku ɗauka mutumin Kebbi bai san aikinsa ba. Na ba ku kwana bakwai. Bayan nan zan kai takarduna gaban hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da hukumar kare bayanai, NDPC, domin sunaye da lambobin wayar manoma ne a faifan, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe ku kamar yadda ta shafe ni.

Naku mai hulɗa da ku,
daga Birnin Kebbi.