Gyara kan maganar p53 da sankarar mahaifa

Assalamu alaikum Edita,

Barkanku da aiki, na saurari shirinku na lafiya kan sankarar mahaifa, kun kyauta wallahi musamman da kuka raba ta da ta bakin mahaifa don mutanenmu haɗa su suke yi. Amma fa akwai inda mai gabatarwa ya ce wai in aka ga p53, wani furotin da ke cikin ƙwayoyin jiki, ta yi yawa a gwaji alama ce jiki na yaƙar cutar, toh nan sai an gyara, don akasin haka ne.

Ni a lab nake aiki, inda ake yanka tsokar da aka ciro a tiyata a sa mata kala a duba. Ita p53 tun 1979 aka gano ta, aikinta hana ƙari tsirowa, in ƙwayar jiki ta lalace ita ke tsayar da ita a gyara, in ba ta gyaruwa ta sa ta mutu, shi ya sa David Lane, ɗaya daga cikin masanan da suka gano ta, ya kira ta mai gadi. Sai dai lafiyayyar ba ta jimawa, cikin mintuna jiki ya narkar da ita. Wadda ta samu tawaya ita ce ke ƙin narkewa ta taru jingim ba ta tsinana komai, mu kuma sai mu ga silaid, wato gilashin da ake ɗora tsokar a duba, ya rine da ruwan ƙasa kusan ko'ina. Wani lokacin ma ba a ganinta sam, shi ma ba alheri ba ne.

A 2013 wani babban bincike a Amurka mai suna TCGA ya kasa wannan kansar gida 4, kuma gidan masu matsalar p53 shi ne mafi tsanani, ta fi saurin yaɗuwa ta fi dawowa bayan an cire mahaifa. Gidan POLE, wato masu tawaya a wata ƙwayar gado mai suna POLE, shi ya fi sauƙi, har in mace na da shi ga kuma matsalar p53 a tare, hukuncin POLE ake bi, abin mamaki ko? Binciken PORTEC-3 da likitocin Holan suka jagoranta ya nuna masu matsalar p53 su suka fi amfana in an haɗa musu kemo da gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, maimakon gashi kaɗai, kuma a 2023 FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, ta saka wannan gwajin cikin yadda ake auna matakin cutar. Kaga kenan ba kwalliya ba ce, rizal ɗin na iya canza maganin da za a ba mace gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne a Amurka an lura mata baƙar fata sun fi kamuwa da wannan nau'in mai tsanani kuma sun fi mutuwa da shi, mu kuma nan ba kowane asibiti ke gwajin ba, inda ake yi ma sai aljihu ya ji jiki. Ga iyayenmu mata, jini ya dawo bayan an daina al'ada shekara da shekaru sai a tafi tambayar malam hukuncin sallah a tsaya nan, alhali wannan jinin shi ne babbar alamar farko.

Don Allah ku gayyato likitan da ke duba tsoka a shiri na gaba ya warware wannan, ya kuma gaya wa 'yan uwan mara lafiya cewa suna da damar tambaya ko an yi gwajin p53 kafin a fara magani.

Na gode,
Mai sauraronku daga Zariya