Ta leƙo ta koma

Houston, Alhamis 10 ga Afrilu, 2025

Dogo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Yaya Hajiya da ƙafar tata? Yaya uwargida da yara, yaya zafin Zariya? Saƙonka na murya ya iso, na ji maganar filin nan na bayan Samaru, kuma zan zo kanta. Amma yau wani abu ne ya tokare min ƙirji har ya zaunar da ni rubutu, kuma kaf cikin mutanena kai kaɗai za ka gane shi ba sai na yi dogon bayani ba.

An doke mu, Dogo. Ranar Litinin da daddare a San Antonio, Florida ta ci Houston 65 da 63 a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Maki biyu rak. Har yanzu in na wuce ta harabar jami'ar na ga yara da jajayen riguna sai in ji abin ya dawo min sabo.

Ana idar da magariba aka take wasa, ku lokacin kuna barci, wajen ƙarfe biyun dare ne a gida. Mun taru a falon mutumin Damagaram ɗin nan da nake ba ka labari, mai shayin da ba ya ƙarewa. Kafin hutun rabin lokaci mu ke gaba, 31 da 28. Walter Clayton Jr., yaron Florida da ya yi ta kashe ƙungiyoyi tun farkon gasar, bai ci ko maki ɗaya ba kafin a tafi hutu. Ka san tsaron kocinmu Kelvin Sampson, ba ya barin mutum ya shaƙi iska. Da aka dawo muka ba su ratar maki 12, 42 da 30. Duk wanda ke falon nan ya riga ya ga kofi a Houston. Daga nan Florida ta fara ɓalle ratar kaɗan-kaɗan, namu jifan ya daina shiga, Clayton ya farfaɗo. Saura daƙiƙa 46 suka wuce gaba da jifan kyauta, 64 da 63, alhali kusan duk wasan a bayanmu suke.

Abin da ke hana ni barci shi ne cikin mintin ƙarshe ko jifa ɗaya ba mu yi ba. Da an jefa an ɓarar da na haƙura, ƙwallo ke nan. Amma ba a jefa ba. Ƙwallon ƙarshe ya zo hannun ɗan wasanmu Emanuel Sharp a bayan layin maki uku, ya yi tsalle zai saki, sai ga Clayton ya taso masa da hannu a sama. Yaro ya ga za a tare, ya saki ƙwallon ƙasa. To kai tsohon ɗan wasa ne, ka san sauran: in ya dira da shi a hannu laifi ne, in ya sake shi kuma ya riga kowa taɓawa nan ma laifi ne. Haka ya tsaya yana kallon ƙwallo na tsalle a gabansa, shi bai isa ya taɓa ba, har dogon nan nasu ɗan Ostareliya, Alex Condon, ya faɗa kansa, lokaci ya ƙare. Sharp ya durƙusa ya riƙe kai. Clayton da kansa ya bar murnar 'yan'uwansa ya je yana rarrashinsa, wannan kam ya burge ni.

Kuma kada ka bari kowa ya zagi yaron nan a gabanka. Ranar Asabar, a wasan kusa da na ƙarshe, Duke na gaba da maki 14 saura kamar minti takwas, ga Cooper Flagg da kowa ke cewa shi za a fara ɗauka a NBA, gasar ƙwararru, bana, ga Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu tsaye ƙarƙashin kwando. Saura rabin minti da 'yan kai suna gaba da shida. Wa ya jefa mai maki ukun da ta dawo da mu? Sharp ɗin nan dai. Joseph Tugler ya danna ɗaya, J'Wan Roberts ya tsaya a layi ya zura jifan kyauta biyu hannunsa ko rawa bai yi ba, aka tashi 70 da 67. Da ba don Sharp ba, da ranar Litinin ma ba mu je ba.

Tun daren nake tuna ka, saboda kai ka fara ba ni labarin 1983, muna zaune bakin filin ABU bayan atisaye, kana kwaikwayon juyin Hakeem kana tuntuɓe da ƙafafun nan naka. Har yau ban ga mai tsawonka da ke tsoron shiga ƙarƙashin kwando kamarka ba, sai dai ka tsaya can nesa kana kiran a ba ka. To Hakeem Olajuwon ɗin yana San Antonio ranar Litinin, ya tsufa, furfura ta fito, yana kallon jami'arsa ta sake faɗuwa da maki biyu. Wancan karon 54 da 52 ne, a Albuquerque, hannun NC State. Phi Slama Jama ake ce musu, shi da Clyde Drexler, sun ci wasa 26 a jere kafin ranar, sun yi wa Louisville ruwan danki a wasan kusa da na ƙarshe har mutane na cewa ai wancan ne wasan ƙarshen. Sai Drexler ya tara laifi huɗu tun kafin hutu, garin kuma kan tudu yake, iska ba ta isar mutum, har sai da aka sa wa Hakeem iskar taimako a benci. Koci Guy Lewis ya ce a rage gudu a riƙe ƙwallo, su da gudu ne ƙarfinsu. Ƙarshe Dereck Whittenburg na NC State ya wurga daga nesa, ƙwallon bai ma kai kwando ba, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe shi a sama ya danna. Hakeem ya ci maki 20 ya kwaso ƙwallo 18 daga kwando, aka ba shi gwarzon gasa duk da an doke su, kuma tun daga shi ba a sake ba wanda ƙungiyarsa ta faɗi wannan kyauta ba. Shekara ta zagayo suka koma wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta ci su 84 da 75. Ɗan Legas ya ɗauki kofin NBA sau biyu a garin nan, 1994 da 1995, amma na jami'a ya gagara. Sau bakwai ke nan Houston na kaiwa cikin huɗun ƙarshe, tun 1967, ba kofi. Ba wata jami'a da ta kai haka ba ta ɗauka ba.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa min: wanda ya zo na biyu ba mai tuna shi. A nan kam ban yarda da kai ba. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, ɗan Michigan, shi ya fara zuwa yi min jaje ranar Talata. Bai daɗe da zama ba ya ɗauko zancen Fab Five, yara biyar 'yan ajin farko da suka shigo jami'ar Michigan tare a 1991, da dogayen gajerun wanduna da baƙaƙen safa, Chris Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson. Sun je wasan ƙarshe sau biyu a jere, Duke ta ci su a 1992, North Carolina a 1993. A na biyun saura daƙiƙa 11 suna baya da maki biyu, aka matse Webber a kusurwa ya nemi a tsayar da wasa, ashe damarsu ta neman tsayawa ta ƙare, alƙali ya hukunta su, aka tashi 77 da 71. Daga baya ma aka soke nasarorin nasu saboda badaƙalar kuɗin da wani mai goyon baya ya ba wasu 'yan wasa, aka sauke tutocinsu daga rufin filin. Shekara 32 ke nan, amma mutumin nan yana ba ni labari idonsa na kawo ruwa. Ka tambayi matasan nan wa ya ɗauki kofin 1993, da yawa sai sun duba waya. Ka ce Fab Five, kowa ya sani.

Haka Butler a 2010, 'yar ƙaramar jami'a da ta kai wasan ƙarshe a garinta Indianapolis, Gordon Hayward ya wurga daga tsakiyar fili ana busa tashi, ƙwallo ya bugi allo ya bugi bakin kwando ya fito, Duke ta tsira 61 da 59. Haka Gonzaga a 2021, wasa 31 ba a doke su ba, sai Baylor ta yi musu 86 da 70 a daren ƙarshe. Baylor ɗin nan ita ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe a shekarar, kuma L.J. Cryer da ya ci mana maki 19 ranar Litinin yana cikinsu a lokacin, yana ɗan ajin farko. Larry Bird ma haka ta same shi a 1979 hannun Magic Johnson. Rabon da wata ƙungiya ta gama kaka ba a doke ta ba har ta ɗaga kofi tun Indiana a 1976.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa na jami'a ya fi na NBA ciwo. A NBA sai an ci ka sau huɗu cikin bakwai kafin a fitar da kai, in ka yi mummunan dare kana da jibi. Nan kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne, ƙungiya 68 cikin mako uku, mai son kofi sai ya ci shida a jere. Sannan yaran ba naka ba ne har abada. Cryer ya gama, Roberts ya gama, shi da yake makarantar tun 2019, muna kallonsa ya girma daga ɗan benci har ya zama uban ɗaki. Ko Houston ta ɗauki kofi baɗi, wasu ne za su ɗauka, waɗannan ba za su sake tsayawa fili ɗaya da riga ɗaya ba. Yanzu ma da aka buɗe wa 'yan wasa hanyar karɓar kuɗi da sauya makaranta yadda suka ga dama, samun yaro ya zauna wuri ɗaya kamar Roberts sai an tona. Sampson kuma shekararsa 69, da ya ci da shi ne koci mafi tsufa da ya taɓa ɗaukar kofin. Ya karɓi ƙungiyar a 2014 lokacin da ko kyauta ba a cika filin, ya gina ta da hannunsa. Ina yi masa addu'ar Allah ya ba shi lafiya ya sake gwadawa.

Babban ɗanka na nan gidan shi ya fi ba ni tausayi. Ya ƙi cin abinci daren, da safe ya tafi makaranta ido a kumbure, yana ta tambayata me ya hana Sharp jefawa ko da za a tare. Na fitar da shi bayan gida na nuna masa yadda dokar take da ƙwallo a hannu. Ya gane, amma bai huce ba. Tsawo yake ta yi, Dogo, takalmin da aka saya masa kafin azumi har ya matse shi. Uwarsa ta ce gadon wajenku ne, na ce mata in dai tsawon ne kawai to da sauƙi, kada ya gado tsoron kwandon.

Wani abu kuma da ya raba min zuciya biyu: dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwandon Florida, Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya ne, daga makarantar horon NBA ta Senegal ya fito. Ka san yawan 'yan Najeriya a garin nan, tun daren abokanmu Inyamurai ke kirana, rabi jaje rabi murna. Ni ma na taya shi murna har zuciya, yaro ya bar gida ya ɗaga abin da Hakeem bai ɗaga ba. Ya tuna min Adama Sanogo ɗan Mali, da ya ɗauki kofi da UConn a 2023 cikin watan azumi, yana azuminsa, a nan Houston aka buga, aka kuma ba shi gwarzon gasa. Shekarar ma mun sa rai za mu ɗaga a gida, Miami ta fitar da mu tun zagaye na uku. Yaran nan na Afirka da ke cika filayen Amurka su ke sa ni tunanin yaranmu. Zariyar da ta raini Masai Ujiri har ya je ya ɗauki kofin NBA yana shugaban ƙungiyar Toronto a 2019 ba ta rasa dogaye ba. Har yanzu kana zuwa filin da yamma kana koya musu? In kana zuwa, ka faɗa min abin da suka fi buƙata, ƙwallaye ko takalma, mu nan za mu haɗa abin da ya sawwaƙa.

Af, na ga abin da ka ɗora a WhatsApp daren Talata. Ni ina cikin makoki kai kana rawa don Arsenal ta ci Real Madrid 3 da nema, Declan Rice ya zura bugun tazara biyu sai ka ce kai ka koya masa. Na taya ka murna, amma ka sassauta, akwai Bernabeu ranar Laraba mai zuwa. Kuma mutumin da ƙungiyarsa ta zo ta biyu a Firimiya kaka biyu a jere, bai kamata a ji shi yana cewa ba a tuna na biyu ba.

Wai da gaske ne autanku ya kai kuɗin gaisuwa Tudun Wada? A bakin matar yayana na ji, kai ko ka tsegunta min. 'Yar gidan wa ce? In an sa rana bayan Babbar Sallah ne ka sanar da ni da wuri in nemi hutu, don tikitin jirgi tsada yake ƙarawa in lokaci ya matso. Kuma mutumin Damagaram zai zo gida wata mai zuwa, ta Kano zai sauka, zan ba shi lambarka. Ka haɗo shi da yajin Hajiya da kilishi, na wajen mutumin nan na kusa da tasha, ba na wancan da ka aiko bara ba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'ar sauƙi. Ka gaida uwargida da yara, da Malam in kun haɗu a masallaci, da duk 'yan filin da suka rage.

Naka har kullum,
Abokinka na Houston