Wasiƙa kan shuka asfaragus a bayan gida

Assalamu alaikum, aminina. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Legas da cunkosonta? Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko asfaragus, kayan lambun nan da ake cin sabon tohonsa, zai yi a filin bayan gidanku na ƙauye, can wajen Ringim. Zai yi, amma ka gaya wa ƙanenka da zai shuka shi tun yanzu cewa ba alayyafo ba ne. Sau ɗaya ake dasa shi, saiwar ta zauna a ƙasa tana toho shekara da shekaru, kuma a shekarar farko ba a yankar ko tsinke ɗaya.

Wuri shi ne gaba da komai. Kada ya kai shi fadama, duk da ruwa ya fi kusa a can. Saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. Ambaliyar Agusta ta 'yan kwanaki ta isa ta ruɓar da ita. Jigawa mai rairayi, wadda ruwa ke tsanewa da wuri kuma rana ke samu sosai, ita yake so. Kafin komai a tone ƙiri-ƙiri da aya-aya har saiwarsu, don in sun shiga cikin gindin shukar, fartanya ba ta fitar da su sai da ɓarna. A kewaye wurin da danga mai ƙarfi saboda awaki.

Saiwar da aka riga aka raina tana da wuyar samu a nan, saboda haka iri za ka saya. Ka nemi UC157, wanda aka samar a Kalifoniya, ya fi jure zafi. A jiƙa shi kwana ɗaya, a shuka a ledar raino cikin Afrilu, zurfin santimita 2, a ajiye a inuwa. Yakan yi mako 2 zuwa 3 kafin ya fito, kada ƙanenka ya zaci irin ya mutu. Bayan mako 10 zuwa 12, damina ta zauna, sai dashe.

A haƙa rami dogo, zurfinsa taƙi ɗaya da ɗan ɗori, wato kamar santimita 25. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu a gauraya da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya, tsakanin layi da layi mita ɗaya da rabi. Ba a cike ramin rana ɗaya. A rufe saiwar da ƙasa kamar santimita 5, shukar na tashi ana ƙara turo ƙasa har ramin ya daidaita. Gindi 25 zuwa 30 zai wadaci gida.

Ga inda ake yawan kuskure. A Turai sanyi ne yake kashe ganyen, saiwar ta huta, ta farka da ƙarfi. Mu hunturunmu bai kai nan ba, don haka in ana ban ruwa kullum shukar ba ta hutawa, sai ta yi ta fitar da toho sirara. Manoman Peru, waɗanda ke noma shi cikin hamada suna sayar wa Amurka da Turai, ƙishirwa suke sa masa a maimakon sanyi. Haka za a yi. Ranin farko a ci gaba da ban ruwa, a bar ganyen nan mai laushi kamar gashi ya yi duhu, domin shi yake tara abinci a saiwa. A shekara ta biyu, da damina ta ɗauke a Oktoba, a hana shi ruwa mako 4 zuwa 6. Ganye zai yi rawaya. A yanke shi daidai ƙasa, a kwashe a ƙone nesa saboda cutar tsatsa da ke maƙalewa a busasshen kara, a baza taki, a dawo da ruwa. Tohon zai fito cikin Disamba, kuma a ganina babu lokacin da ya fi wannan, tunda zafin bazara yana sa kan tohon ya buɗe tun bai yi tsawo ba, jikinsa ya yi zare-zare.

Ana yanka da sassafe, kullum, idan toho ya kai taƙi ɗaya kuma kansa na tsuke. A karon farko mako 2 kawai, shekara mai zuwa mako 4 zuwa 6. Da an ga sababbin sun fi fensir siranta, a ajiye wuƙa, saiwar ta gaji. Kwaɗayin ƙarin mako guda shi ke rage amfanin baɗi.

Akwai namiji da mace a cikinsa. Macen tana yin 'ya'ya jajaye ƙanana, a hana yara ci, suna ɓata ciki. Wajen girki kuwa tafasa ta minti 4 ta isa, ko a soya da ƙwai da albasa. Yana canza warin fitsari, kada Inna ta ce guba aka kawo mata.

Ka turo irin kafin ƙarshen Maris. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka daga Kura