Sanarwa ga ƴan lambu da masu kiwo na gefen Majidun

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan saƙo na waɗanda suka kama fili kusa da rafin Majidun ne, a hanyar Ikorodu a Legas, musamman sababbin zuwa daga gida.

Rafin nan ba irin ƙoramar da muka sani a Arewa ba ce, wadda ke cika bayan ruwan sama ta kuma ƙafe da rani. Reshe ne na kogin Ogun, wanda ya taso daga jihar Oyo ya ratso Abeokuta, sannan ya zuba a babban tafkin Legas. Shi ya sa ana iya wayar gari sama garau, amma ruwa ya haye kan kunya: an buɗe madatsar ruwa ta Oyan ne can sama, ruwanta ya gangaro ta kogin Ogun. An fi ganin haka a Satumba da Oktoba, kuma mutanen unguwannin Isheri, Agiliti da Owode Onirin sun san zancen sarai.

Da rani kuma matsalar daban ce. Idan ruwan daɗi ya ja baya, na gishiri yakan turo daga tafkin, da yake a haɗe yake da teku, kuma alayyafo da latas ba sa jure shi. A ɗanɗana kafin a tayar da injin ban ruwa, wallahi ya fi asarar iri.

Alhazai masu shanu, a ja wa yara kunne: bakin rafin laka ce mai zurfi, kainuwa tana rufe ta. Wanda ya ga ruwa ya fara hawa, ya turo hoto nan take.

Allah ya tsare.