Mai cin nama zalla da ƙwaryar nono: gyara ga shirinku na lafiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan gidanku. Ni tsohon malamin dabbobi ne, na yi ritaya bayan shekaru ina zagaya rugage daga Dukku zuwa Kumo, kuma ba na bari shirinku na lafiya ya wuce ni. A makon jiya kun tattauna wannan sabon yayi na cin nama zalla, wato mutum ya bar tuwo da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace, ya koma nama da kifi da ƙwai. Daf da rufe shiri wani ya bugo waya daga Pantami yana tambaya ko mai wannan tsari zai iya shan nono. Baƙonku ya ce masa, "Sosai ma, ai duk abin da ya fito daga dabba ya halatta." Daga nan aka sa taken rufewa. Wannan amsa ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuto muku, domin na san gidaje da yawa an kama ta hannu bibbiyu.

Su kansu waɗanda suka tallata wannan tsari a Amurka bakinsu bai zo ɗaya kan madara ba. Dokta Shawn Baker, likitan ƙashin da ya fi kowa yayata shi, da mabiyansa, da yawansu suna haɗawa da ƙwai da cuku. Wasu kuma sun tsaya kan naman dabbobi masu tuƙa da gishiri da ruwa, ko ɗigon madara ba sa taɓawa. Abin da ya raba su kuwa suga ne. Tsokar nama kusan ba ta da suga, amma madarar saniya tana da nata da ake kira laktos, wajen giram 5 a cikin kowace mililita 100. Lita guda ke nan ta tasam ma giram 50, nauyin ƙananan cokula goma sha biyu na sugan shayi. Gaskiya ne laktos ba ya harba sugan jini da sauri kamar na kanti, amma wanda ya bar tuwo don gudun suga, ya zauna yana kwankwaɗar madara safe da yamma, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Inda baƙonku ya fi kuskure shi ne ɗaukar kayan nono duk abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya san ba haka ba ne. Madarar da aka tatso yanzu tana ɗauke da sugarta cif. Idan aka dafa ta aka zuba ɗan tsohon nono aka bar ta ta kwana ta zama kindirmo, ƙwayoyin da ke tsamar da ita suna cinye wani ɓangare na sugan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura kuma yana nan. Idan aka kaɗa aka cire mai, sugan yana bin nonon ne, man shanu ya fita kusan babu komai a cikinsa, wanda aka soya kuwa ya ma fi tsarkaka. Cukun Turawa mai tauri, irin wanda ake ajiyewa wata da watanni, har na Italiya da ba ya fita kasuwa sai ya shekara, an tsiyaye ruwansa kuma ragowar sugan ta ƙare a ajiya. Shi masu cin nama zalla suke nufi idan suka ce cuku ba ya ɓata tsarinsu. To wa ke da irin wannan a Gombe? Sai manyan kantuna, da kuɗin da zai sayi kazar gida biyu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne busasshen cukun Buzaye da ake kawowa daga Nijar, da wara da ake sandarar da madara da ruwan tumfafiya, wadda ta fi yawa a wajen Kwara da Oyo. Wara kuwa ɗanya ce, ba ta kwana biyu, don haka akwai ragowar suga a cikinta.

Bari in faɗi wani abu da zai ba ku dariya. Ɗan ƙanena, wanda teɓa ta dame shi ya shiga wannan tsari, na same shi da leda cike da awara yana ci hankali kwance, wai cuku yake ci. Na ce, "Ɗana, wannan ai waken suya ne, ko warin saniya bai ji ba." Haka tsiren da yake saye kullum da daddare an birkiɗe shi cikin ƙuli-ƙuli, kilishi ma da gyaɗa ake tsoma shi. Yogot ɗin roba da yake korawa da shi kuwa, da na karanta masa bayan robar, suga ne na biyu a jerin abin da aka zuba. Wata biyu yana wahala, ciki na nan yadda yake.

Nonon kasuwa ma sai an yi hattara, kuma ba ina zargin matan da ke talla ba ne, na san wahalarsu. Da rani saniyar Bunaji da ƙyar take ba da abin da ɗan maraƙi zai sha a rage na ƙwarya. Shi ya sa wasu ke ƙara ruwa su kaurara da garin kuka, wasu su haɗa da madarar gari. Madarar buhu mai araha kuwa, da yawanta an cire man shanun an mayar da man itatuwa a madadinsa. Ga mai shan fura wannan ba wani abu ba ne, kuka ma magani ce. Amma mai cewa ba ya cin komai na tsiro, ya sani yana sha a ludayi.

Duk da haka, idan mutum ya nace sai ya bi wannan hanya, ni ban ga yadda zai daɗe a kanta ba tare da kayan nono ba. Dalili na farko ƙashi ne. Baligi yana bukatar wajen miligiram 1000 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana. Lita guda ta madara ta ba shi wannan har da ƙari, busasshen cuku kuma ɗan kaɗan ya isa, domin sai an tara wajen lita 10 ta madara ake samun kilo guda nasa. A tsokar naman shanu kuwa, sai ya cinye sama da kilo biyar kafin ya kai adadin, sai fa in zai riƙa tauna ƙananan kifin madatsar ruwan Dadin Kowa har da ƙayarsu. Dalili na biyu kitse ne. A 1928 wani mai binciken yankin ƙanƙara, Vilhjalmur Stefansson, ya yarda likitocin asibitin Bellevue da ke New York su sa masa ido shekara guda yana cin nama kaɗai. Da aka fara shi da tsoka marar kitse, cikin 'yan kwanaki tashin zuciya da gudawa suka kama shi, sai da aka dawo masa da kitse ya warware. Ku je mahauta a watan Afrilu ku ga shanun da ake yankawa, ƙashi da fata. Mai cin irin wannan nama in bai sa man shanu ba, jikinsa zai gaya masa.

Sai dai man shanun nan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, saboda yana ɗaga kolestarol mai toshe hanyoyin jini. Cuku kuma gishiri ne da shi, ga hawan jini ya yi mana katutu a gari. Na ji masu cewa ai Fulani sun rayu a kan nono da mai ba abin da ya same su. Akwai ƙamshin gaskiya, don wani bincike da aka wallafa a 2001 kan Fulanin Filato ya iske suna cin kitse da yawa amma jininsu lafiya lau. To amma Bafulatanin ruga yini yake yana bin shanu da ƙafa, abincinsa gero da dawa ne da nono, kuma ba ya yanka dabbarsa sai da suna ko salla ko baƙo na musamman. Ba mai cin nama zalla ba ne ko kaɗan, kuma ba a kan kujerar ofis yake yini ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hatta cikin ma ba ɗaya ba ne. Tun 1971 aka gwada ƙabilun Nijeriya aka ga akasarin Fulani makiyaya suna narkar da laktos har tsufa, alhali yawancin sauran jama'a wannan ƙarfi yana raguwa bayan yaye. Shi ya sa wani zai sha kofin madara cikinsa ya kama ƙugi da kumburi, amma ya sha kindirmo ya kwana lafiya.

Abu ɗaya da ya fi tayar mini da hankali, a matsayina na wanda ya yi aikin dabbobi, shi ne yadda wasu masu wannan yayi a intanet ke zuga mutane su sha madara ɗanya ba dafawa. Don Allah ku ja kunnen masu sauraro. Cutar bakkale da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka na shanu, duk suna bin ɗanyar madara su shiga mutum. Bakkale kan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, mutum ya yi ta shan maganin maleriya a banza. Tafasawa kawai ke raba mu da wannan. Haka kuma mai ciwon suga da ke kan allura ko ƙwaya, in ya yanke tuwo rana ɗaya bai gaya wa likitansa ba, sugansa na iya faɗuwa ya sume.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake ɗaukar wannan batu a shiri na musamman. Ku gayyato masanin abinci daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ku haɗa shi da likitan dabbobi, sannan ku zaunar da ɗaya daga cikin matan da ke kawo nono Babbar Kasuwa, ta faɗa da bakinta abin da ke shiga ƙwarya da damina da abin da ke shiga da rani. Ku kuma nemo mutumin Pantami da ya bugo wayar, in dai lambarsa na nan wurinku, don har yanzu yana can yana aiki da amsar da aka ba shi.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin dabbobi,
Jekadafari, Gombe.