Koke Kan Tsofaffin Soraye na Kewayen Gidan Makama

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano, ta hannun masu unguwanni da Hakimi.

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu ne magina da mazauna unguwannin da ke kewaye da Gidan Makama, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463. Gidan yana da hukumar da ke kula da shi, amma sorayen maƙwabtansa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu gyaran ganganci ne ke kashe su.

Babbar cutar ita ce yaɓen siminti a kan ginin tubali. Ƙasa tana shan laima ta fitar, siminti kuwa sai ya kulle ta a ciki. Bayan damina biyu ko uku yaɓen ya ɗago, in ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, in ka ɓamɓare ka tarar da tubalin ya zama gari. Sai indararo: in ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har ya kai ga azara, in kuma indararon ya yi gajere, ruwan ya riƙa zuba a gindin katanga yana cin ta. Azarar giginya ba ta jin tsoron gara, amma in ƙasar da ta riƙe bakinta ta jiƙe, ɗaurin guga, wato kumburarren rufin da azarar ke riƙe da shi, gaba ɗaya zai sauka. An kuma ɗaga tituna da kwatoci sun fi daɓen zaure tudu, ruwan titi yana shiga gida.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a hana shafa siminti a kan waɗannan gine-gine. A koma ga makuba ta ɓawon ɗorawa a katanga, da laso a kan rufi, wato katsin marina da gashin majema da dafara. Katsin nan ga shi a marinar Ƙofar Mata. A yi yaɓe a gama kafin watan Mayu, a yashe kowane indararo, a ƙara masa tsawo ya wuce gindin gini da aƙalla kamu biyu.

Muna kuma roƙon kada a rushe tsohon soro sai Sarkin Magina ya duba shi, a kuma haɗa matasa da dattawan da suka iya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufi, don 'yan kaɗan ne suka rage.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Magina da mazauna unguwannin kewayen Gidan Makama