Ba rashin masu kallo ne ya sa aka rufe shirin Colbert ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina kan abin da baƙonku ya faɗa a shirinku na ranar Lahadi, cewa tashar talabijin ta CBS da ke Amurka ta yanke shawarar rufe The Late Show, shirin barkwanci na dare da Stephen Colbert ke gabatarwa, saboda jama'a sun daina kallonsa, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce ba tare da ko tambaya ɗaya ba. Wannan ba gaskiya ba ne, domin a lokacin da aka yi sanarwar, a watan Yulin 2025, shirin ne ya fi duk takwarorinsa na ƙarfe 11:35 na dare masu kallo.

Ni direban tasi ne a birnin New York. A wancan lokacin, da la'asar nakan wuce ta gaban zauren Ed Sullivan da ke kan titin Broadway, in tarar da layin masu jiran shiga kallon naɗin shirin ya miƙe, ko da ana tsula sanyi. Lokacin da ake nuna shi a talabijin ina kan titi ina neman abin kaina, sai washegari, a layin jiran fasinja na filin jirgin sama, nake kallonsa a YouTube ta wayata, haka ma direbobi da yawa da ke gefena. Masu kallo suna nan, kuɗin talla ne ya gudu, saboda tallar intanet ba ta kai ta talabijin tsada ba, kuma ɗan abin da ya shigo sai an raba shi da YouTube. Shi ya sa kuɗin tallar shirye-shiryen dare ya ragu da kusan rabi tsakanin 2018 da 2024.

Ban musanta asara ba, tunda a lokacin rahotanni sun ce shirin yana janyo wa CBS asarar kusan dala miliyan 40 a shekara. Amma ai tashar NBC ma ta shiga irin wannan matsi, sai ta rage sababbin shirye-shiryen dare na Jimmy Fallon zuwa dare huɗu a mako, ta kuma sallami makaɗan shirin dare na Seth Meyers, ba ta rufe ko ɗaya ba. Me ya sa CBS ta zaɓi binne shirin da aka fara tun 1993, kafin zuwan Colbert, wanda mutum kusan 200 ke ci a ƙarƙashinsa? Kuma ta yaya baƙonku zai tsallake cewa sanarwar ta zo kwana uku bayan Colbert ya caccaki kamfanin Paramount, mai mallakar CBS, kan dala miliyan 16 da kamfanin ya amince ya biya don sasanta ƙarar da Shugaba Trump ya shigar, alhali kamfanin na jiran gwamnati ta amince da haɗewarsa da kamfanin shirya finafinai na Skydance? Mai sauraro yana da haƙƙin ya ji wannan, ya yi wa kansa alƙalanci.

Sannan don Allah ku rage ƙarar kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana, domin a cikin mota da ƙyar ake jin abin da suke faɗa.

Naku,
Mai sauraronku daga Bronx, New York